Ka Bi Ta Ajingi Kafin Ka Kama Sitiyari

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai sunan Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake daga ɗakina zuwa shagonka bai fi taku ashirin ba. In ka ɗaga faifan tuwonka ka gan ta kada gabanka ya faɗi, ba rasuwa aka yi ba. Ni na rubuta da hannuna, da ɗan bokon da muka koya a ajin yaƙi da jahilci a gidan mai unguwa. In ka ga harafi ya karkace ka miƙe shi da kanka. Allah ya tsare min kai a gida da daji, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum.

Shekaranjiya ka zo ka tsuguna a bakin ƙofata ina tsintar wake. Ka ce ka haɗa naira saba'in, kuɗin kekenka da ɗan abin sallamar da mai sikelin gyaɗa ya ba ka tun da ya rufe rumfa ka zauna ba aiki. Ka ce hanya biyu ce a gabanka. Ko ka kai wa Malam Haladu na Ajingi sittin ɗinsa ka fanso gonar babanka ta gindin tsamiya da ke jingine a hannunsa, ko ka bi Sale direba Kano ran Asabar ya koya maka tuƙi har ka yi lasin. Ka ce wanne na gani. Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri, na ci gaba da wakena. Na ga yadda ka tashi kana karkaɗe gwiwa. Ka ɗauka ko fushi nake ko ban damu ba. To ba ko ɗaya. Kai ɗan fari ne, tun da na haife ka ban taɓa zama na yi doguwar magana da kai ba, ko sunanka ban taɓa kamawa ba, haka muka tarar ana yi. Amma takarda ba ta da ido, ba na jin kunyarta. Waken nan ma in gaya maka, tsakuwar na tara a ƙwarya na watsa wa kaji mai kyan, sai da ƙanwarka Ladidi ta ce Inna lafiya.

Ni ba malama ba ce, abin da zan ba ka shi ne wautar da na tafka da kaina, ka duba ka tsallake ramin.

Ka san ni 'yar Kademi ce. Kakanka na wajena yana da wata fadama a can, rake da gauta da albasa, ba ta taɓa bushewa. Wata shekara haraji ya matsa masa, jakinsa kuma ya mutu, ya jinginar da ita ga maƙwabcinsa a gaban mutum uku. Bai fanshe ta ba ya rasu. Ni da kawunka Idi kaɗai ya bari, Idi kuwa lokacin ko wando bai fara sawa ba. Duk sanda na je ganin gida sai in ce yau zan yi maganar fadamar nan. In shiga gidan mutumin in gaishe shi, ya yi ta sa min albarka, ya sa a saro min rake daga cikin fadamar ubana a ɗaure min. Sai kunya ta rufe min baki. In karɓa in yi godiya in taho. Ban ce ga sule biyu a rage ba, ban ce a kira shaidu a sake faɗa ba, don ina ganin sai na tara kuɗin duka sannan zan iya buɗe baki. Shekara goma sha ɗaya ina haka. Shaidun nan suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Shi ma mutumin ya rasu. Ranar da na je da kuɗin a ƙulle a bakin zane, 'ya'yansa suka ce su dai sun tashi sun ji ubansu saye ya yi. Muka je gaban dagaci. Ya ce ina shaidata, na ce suna ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kina shan rakensa kina godiya, yau kuma ki ce fadamarki ce?"

Har yau in na bi ta Kademi ba na kallon gefen nan.

Abin da na koya, jingina ba a ƙasa take ruɓewa ba, a bakin mutane take ruɓewa. Bashin da aka daina ambato, a hankali sai ya koma ciniki. To ka duba namu. Shekarar farin nan da babanka ya kwanta ciwo, ya karɓi fam talatin a gurin Malam Haladu, sittin kenan a kuɗinku na yanzu, muka sayi dawa muka kai shi asibiti. Mutum biyu ne shaidu. Tsohon Liman ya rasu bara. Saura Sarkin Noma Buba, wanda kunnensa ya tafi, da sallar nan ma da na gaishe shi da sunan kakarka ya amsa min. Malam Haladu ba na zarginsa da komai, abokin babanka ne tun suna kiwon awaki, kuma ko sau ɗaya bai taɓa aiko mana da maganar kuɗin nan ba. Amma 'ya'yansa maza tara ne. A gidan suna a Ajingi da kunnena na ji matar babban ɗansa tana cewa bana gonarsu ta tsamiya ta yi gero. Gonarsu. 

Kana karanta wannan za ka ce to shi kenan, Inna ta ce a biya. Ni ma shi ne abin da ya fara zo min. Dakata tukuna.

Lokacin kana hannun kakarka, ina yin man gyaɗa da ƙuli. Gyaɗar bashi nake ɗauka a gurin wata Asabe mai awo, in soya in sayar in kai mata, in kuma ɗaukar wata. Wani lokaci ciniki ya tsaya, kuɗinta suka taru a kaina. Ana nan aka yi biki a unguwa, na ɗaura wani zane da babanka ya sayo min. Ina shiga na ji Asabe tana gaya wa na kusa da ita, da ƙarfi yadda zan ji, wai wasu da gyaɗar mutane suke yin ado. Wallahi ko tuwon bikin ban ci ba. Washegari na fitar da babban kaskona na suya, da turmin matsar mai, da tunkiyata guda, na sayar da su a arha don ina sauri. Na je na zube mata kuɗinta a tabarma ko gaisuwa babu, na juyo ina taku ɗai-ɗai. Kwana uku ina jin kaina kamar matar hakimi. Rana ta huɗu na tashi zan hura wuta, na tuna ba abin da zan ɗora a kai. Ranin nan kaf dakau na yi wa mutane, a ba ni dusa da ɗan tsaba. Kafin ruwa ya sauka ina bakin ƙofar Asaben nan dai, ina neman rancen kuɗin sabulu. Ba ta yi min dariya ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "Ke da kin bar kaskon nan, ai da tuni kin biya ni kin sayi zane na biyu."

Gaskiya ta faɗa. Wanda ya biya bashi da hannun da yake nema da shi, gobe zai koma rance, kuma a gurin wanda ya fi na jiya tsada. Na san abin da yake cin ka. Na san zaman gindin ɗurumin tasha ya ishe ka, na san akwai masu cewa ga ƙato ya bar gonar ubansa a hannun mutane. Amma yi lissafi, kai da ka yi aikin sikeli. Ka ba da sittin, saura goma. Ba keke, ba jaki, ba iri, ba aiki. Me za mu ci daga shuka zuwa kaka? Falle za ka ɗauka, dami ɗaya a biya biyu. Baɗi war haka gonar ta sake komawa jingina, wataƙila a hannun wanda bai san babanka ba ko a hanya.

Sannan ga abin da kai ba ka sani ba, don rabonka da gonar nan tun kaka. Jiya na ce wa Ladidi za ni barka, na ɗauki mayafina na miƙi hanyar Ajingi da ƙafa har gindin tsamiyar. Mai sunan Malam, gonar nan ta sha taki. Fulani sun yi zaman rani a kanta da shanunsu, ga shaidar turakunsu nan, kuma na tarar da jakuna uku da mangala ana ta juye na gida tsibi-tsibi, an ci fiye da rabi. Ka kuwa san yadda abin yake a ƙasar nan, wanda ya zuba taki shi ke cin damina. Ko yau ka kai masa kuɗinsa cif, ba mai miƙa maka gonar nan sai ya kwashe amfaninsa, ko gaban wa ka je haka za a gaya maka, kuma ba a zalunce ka ba. Kenan kuɗinka su je su kwanta a aljihunsa, kai kuma ka koma gindin ɗurumi kana ƙirga motocin wasu. Ina tsaye a gurin na ji kamar an sauke min dutse. Na ce ashe Allah ya riga ya ba yaron nan shekara guda, mu ne ba mu je mun duba ba.

To ga shawarata, in ka ga da kyau.

Kasuwar Ajingi tana ci kafin Asabar. Ka je. Kada ka je kai kaɗai. Ka ɗauki Sarkin Noma a mota ka biya masa, ka zauna ta gefen kunnensa na dama, shi ne mai ɗan ji. Ka tafi da kawunka Idi, da sabon Liman in ya samu hali, don ina son shaidu masu baƙin gashi. Ka sayi goro na mutunci. Ka ce wa Malam Haladu kana so babban ɗansa ya zauna. A gabansu ka ajiye naira ashirin, ka faɗa da bakinka da ƙarfi cewa gonar tsamiya jingina ce ba ciniki ba, an rage ashirin saura arba'in. A rubuta, ko da ajami ko da boko, takarda biyu, ɗaya gurinsa ɗaya ka kawo min in sa a ƙasan adakata. Kuma kada ka ɓoye masa sauran kuɗin. Ka gaya masa akwai hamsin a aljihunka, tuƙi za ka koya da su don ka samu abin biyansa. Mai bin bashi ya fi jin zafin ya ji labarinka a bakin 'yan tasha a kan ya ji a bakinka. Bashi hanji ne yana cikin kowa, shi ma ya sani.

In kuwa ya ce a'a, yana cikin matsi yana son abinsa duka, to haƙƙinsa ne. Ka ƙirga masa ba tare da ɓata fuska ba, ka yi masa godiyar shekarun da ya yi bai tambaya ba, ka dawo gida. Ina da awaki biyu, ɗaya na da ciki, mu sake sabon tari. Amma ban zaci zai ce haka ba.

Na san akwai wani abu kuma da ba ka faɗa min ba. Ranar jana'izar babanka da aka tambaya ko akwai mai bin sa, an ce kai ka miƙe ka ce duk abin da ake bin sa ya dawo wuyanka. Ina cikin gida aka zo aka gaya min. Na san kana tsoron ko yana can a rataye saboda jinkirinka. Na aika matar Liman ta tambayo min shi. Ya ce wanda ya ɗauka a gaban jama'a da niyyar biya, ga kuma gona a hannun mai kuɗi, kuma mai kuɗin ya yarda ya jira, to mu kyautata zato ga Allah. Ka sake tambayarsa da kanka a hanyar Ajingi, ya fi ni iya faɗa.

Sai maganar Sale direba. Nan ma na taɓa ƙonewa. Bayan haihuwar Ladidi na sa rai da keken ɗinki. Akwai matar wani ma'aikaci da aka kawo nan Gaya, tana da keke na hannu, ta ce za ta koya min. Na sayar da ragon da na yi shekara ina kiwo na ba ta kuɗin gaba ɗaya a rana ɗaya, don ta ga da gaske nake. Wata takwas ina zuwa. In hura gawayin guga, in goya mata ɗa, in sa maɓalli. Kullum sai ta ce gobe za ki hau. Ni kuma ina jin nauyin in ce yaushe. Ran nan na je na tarar ana loda kayansu a mota, an yi wa mijin canjin gari. Ta ba ni wani tsohon almakashi ta ce in riƙa tunawa da ita. Ina kuwa tunawa. Har gobe abin da na iya a ɗinki maɓalli ne, amma fa in na sa shi sai rigar ta mutu ta bar shi.

Don haka kada ka damƙa wa Sale hamsin ɗin nan a dunƙule. Na bincika shi gurin gwaggonsa mai koko. Ta ce yana salla, ba ya shaye-shaye, ya yaye mutum biyu, ɗaya yana jan motar wani kamfani a Kano. Ta ce sai dai baki, in ya zage ka sai ka nemi gurin zama. Zagi ba ya ƙari a jiki, ka jure. Amma ku yi magana a fili tun kafin ka hau, a gaban wani babba na tasha. Ashirin yanzu. Ashirin ranar da ka ja motar da hannunka daga Wudil zuwa Gaya yana gefe. Goma ka riƙe na lasin, kada ka taɓa ko yunwa za ta kashe ka, ba kuwa za ta kashe ka ba, duk ranar kasuwa zan ba da ƙuli da garin dawa a kai maka. Ka tambaye shi wata nawa, ya faɗa da bakinsa. Akwai waɗanda suka shekara biyar suna wanke mota suna sa weji a taya, har furfura ta fito ana ce musu yaron mota. Wanki za ka yi, lodi za ka yi, ba na hana ka, haka ake koyo. Amma in wata biyu ya wuce ba ka taɓa sitiyari ba, ka buɗe baki. Kada ka gaji kunyata, ba ta saya min komai ba.

Saura guda, ita ce mai nauyin, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Kana rarrafe, wani mai babbar mota da ke ɗaukar gyaɗa ya ga hankalin babanka ya ce ya biyo shi ya koya masa, ko kwabo ba zai karɓa ba. Babanka ya shigo yana murna kamar yaro. Ni kuwa a lokacin in na ji an ce mota, likkafani nake gani. Na yi kuka kwana uku, na ƙi cin abinci, daga ƙarshe na ɗauke ka na tafi Kademi na ce ba na dawowa sai ya rantse ya fasa. Ya zo biko ya rantse. Bai taɓa yi min gori ba har ya koma ga Allah. Amma in na kai masa abinci gona, mota ta wuce a kan hanya, sai in ga ya miƙe daga kan fartanya ya bi ta da kallo har ta ɓace, sannan ya sunkuya. Da farin nan ya zo, gidajen da ke da mutum a harkar mota ba su jinginar da ko taku ɗaya na gona ba, ana sauke musu buhu a ƙofar gida. Mu kuwa ka ga inda muka kwana. In ana rabon bashin nan da gaskiya, to ina da kaso a ciki, ba kaɗan ba.

Tsoron bai bar ni ba, kada ka zaci ya bar ni.  Amma na hana mutum ɗaya na ga abin da ya haifar, ba zan hana na biyu ba. Ka je. Abin da na roƙe ka, kada ka yi tsere da kowa a hanya, wanda ya wuce ka ka ce Allah ya kiyaye. Kada ka sha ƙwayar hana barcin nan da ake ce direbobi na sha, in barci ya zo ka faka ka kwanta, kaya ba sa ruɓewa a awa biyu. Lokacin salla ka tsaya ko fasinja na ƙunƙuni. In ka ga tsohuwa a bakin hanya da akuya tana ɗaga hannu, ka tsaya mata, kada ka ce akuyar za ta ɓata maka mota.

Raina yana ba ni za ka iya. Hannunka na da sanyi, ko keken nan da ka sayar shekara shida ka yi da shi ba ka taɓa kaɗe ko kaza ba. Masu mota kuma suna ta yawa, ana ta neman direba mai amana. Arba'in ba za ta gagare ka ba in Allah ya yarda, kafin Malam Haladu ya sake turo jakunansa baɗi. Ka sa wannan a ranka, kafin takin baɗi. Ranar da ka karɓi albashinka na fari, kada ka sayo min zane, kada ka tsaya a ƙofar gida kana danna min ƙaho unguwa ta fito. Ka wuce Ajingi kai tsaye ka rage abin da ya samu a gaban shaidu. Ni na iya jira, a dawowa ka tsaya ka sha fura.

Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya. Allah ya sa ƙarfen nan ya zame maka mai biyayya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da ubangida na gari. Allah ya jiƙan babanka, ya ba ka ikon sauke abin da ka ɗauka. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe min. In ka gama karantawa ba sai ka zo ka ce min komai ba, ka dai je ka gaya wa Sarkin Noma ya shirya.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarka,
daga cikin gida, Gaya.